Motarmu tana gareji, mota biyu ta rage wa gida guda: ku yaya kuke yi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya fara taɓa zumunci.

Gidanmu gidan gandu ne a Rijiyar Zaki. Baba da Hajiya suna sashen gaba, Yaya Babba da iyalinsa suna nasu, mu muna namu, sai autan gidan da ke karatu a BUK. Da motoci uku ne a gidan: 406 ɗin Baba, Sienna ta Yaya Babba, da Honda Accord ta Abban Ilham, wadda ake ce wa EOD. To giyar Hondar ta lalace. Tun kafin a koma makaranta take wajen bakanike a Ƙofar Ruwa. Ya ce sai an sauya giyabos ɗungurungum, wanda aka fara kawowa kuma bai hau ba, an mayar.

Abban Ilham a Bompai yake aiki, ni ina koyarwa a wata makaranta a hanyar Gidan Zoo, yaranmu uku kuma makarantarsu tana Kabuga. Da mota ɗaya ke yin wannan zagayen, ba mu taɓa jin nauyinsa ba. Yanzu kullum da safe sai ka gan mu cirko-cirko a tsakar gida, yara da jakunkuna da kwanon abinci a hannu, ana jiran a ji wace mota za a samu. Baba ya ce a riƙa ɗaukar tasa, amma akwai ranakun da ake kai shi ganin likita, kuma ni ban iya mai kuloci ba. Sienna kuwa Yaya Babba ya ce ba komai, amma jiya facalata ta ce a gaban yara, "Mai fa ba ruwan rijiya ba ne." Wallahi maganar ta tsaya min. Maigidan ya ce in bar ta, kada a tayar da ƙura. Ni kuma na ga in aka yi shiru abin zai ci gaba da ruɓa ne a ciki.

Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, yaya kuka tsara?

Ummu Hanif:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ilham, Allah ya kawo mafita. Mota ba a sanin ta riƙe gida sai ranar da ta kwanta.

Abban Sadiq, Kaduna:
Bara irin wannan ta same mu, injin motata ya buga, ta daɗe a Panteka. Da motar ƙanina muka yi ta lallaɓawa. Abin da ya raba mu da rigima ƙa'ida ɗaya ce: inda ka sami allurar mai, nan za ka mayar da ita. Kafin ka tayar, ka ɗauki hoton allurar ka tura zauren WhatsApp na gida. In ka dawo, ka sake ɗauka. Ba wanda ya ƙara yi wa wani zancen mai har aka gama gyara. Ki gaya wa maigidanki su yi haka shi da yayansa.

Gwaggon Yara:
A'a ɗana, wannan kam ban yarda da ita ba. Ciki ɗaya kuka fito, sai ka ɗauki hoton mai ka tura wa ɗan uwanka kamar wanda ya yi hayar motar kasuwa? Mu da muka taso, mota ɗaya ce a layinmu gaba ɗaya, 504 ce, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke kai amarya, ba wanda ya taɓa yi wa wani lissafi. In an fara ƙirga lita tsakanin wa da ƙani, gobe cokali za a ƙirga. Maman Ilham, ki yi haƙuri da maganar facalarki, ki toshe kunne. Gyaran mota ba ya dawwama.

Abban Sadiq, Kaduna:
Allah ya ƙara lafiya Gwaggo, na ji maganarki kuma ban raina ta ba. Amma lokacin 504 ɗin nan mai bai zama abin da ya zama yau ba. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita na hukuma bai kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Sienna kuma inji mai silinda shida gare ta, ba ta wasa da mai. A kai yara Kabuga, a wuce Gidan Zoo, a dawo, a sake komawa da rana, a wata guda kuɗin cefanen wani gidan ne. Mai motar yana ji a aljihunsa, kunya ce kawai ta rufe masa baki. Abin da shi ya kasa faɗa ne matarsa ta faɗa.

Gwaggon Yara:
To in haka ne a ba da kuɗin man mana, amma a ba da shi cikin mutunci. Ka cika masa tanki ba tare da ya sani ba, ya shiga da safe ya gani ya sa maka albarka. Hoton ne ba na so.

Injiniya Ƙofar Ruwa:
Salamu alaikum. Ni bakanike ne, bari in shigo ta ɓangarena kafin a koma maganar mai. Hajiya, Hondar taku mai silinda huɗu ce ko V6, wato mai silinda shida? Ina tambaya ne saboda kin ce wanda aka kawo bai hau ba. Giyabos ɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma ko a cikin iri ɗaya akwai bambancin shekara da na soket. Sau da yawa abin da ke riƙe mota a gareji ke nan: a yi waya kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas a ce "giyar EOD", a ɗoro abin da aka samu a mota, ya iso Kano a ga ba shi ba ne, a sake mayarwa. Kowace tafiya kwanaki ne, ga kuɗin mota. Ku sa bakanikenku ya ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon giyabos da hoton soket-soket ɗin ya tura wa mai kayan, shi ma ya turo hoton nasa kafin a ɗoro.

Maman Ilham:
Na tambayi maigidan, ya ce V6 ce, 2004. Kuma gaskiyarka Injiniya, ta waya kawai aka yi cinikin farko.

Injiniya Ƙofar Ruwa:
To shi ke nan. V6 ta waɗannan shekarun an san ta da laulayin giya, mu da muke aikin mun saba ganinta. Ga abin da za ku kula da shi in sabon ya iso. Kafin a ɗaura, a zaro sandar auna man giyar a goga a farar takarda. In ja ne garau, alhamdu lillahi. In ya yi duhu yana ƙaurin ƙuna, ko ka murza a yatsa ka ji ɓurɓushin ƙarfe, kada ku karɓa ko da an rage muku kuɗi. Sannan man da za a zuba ya zama na Honda, DW-1, ba kowane jan mai da ake aunawa a galan ba. Rabin giyar Honda da ke mutuwa a hannunmu man da ba nata ba ne ya kashe ta. Kuma ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji da mai kayan a rubuce, ko da a saƙon waya ne, don kayan Beljiyam sai an ɗaura an hau titi ake sanin lafiyarsu.

Abu na ƙarshe, kada maigida ya zube kuɗin aiki duka tun yanzu. Kafin alƙalami ya isa. Kuma ya riƙa leƙawa garejin da kansa. Ba sharri nake wa abokan sana'ata ba, amma motar da mai ita ke zuwa ya zauna a benci ita ake fara taɓawa.

Baban Gida, Hotoro:
Ku ba ni dama in yi magana a madadin Yaya Babba, don ni ne Yaya Babba a namu gidan, kuma Sienna ce da ni. Duk wanda ke da babbar mota a dangi ya san abin da nake nufi. Biki, suna, ta'aziyya, kai yara makarantar kwana, ɗauko buhunan masara daga ƙauye, duk kai ne. Ban taɓa hanawa ba kuma ba zan hana ba. Amma mutane mai kawai suke gani. Taya tana cinyewa, birki yana cinyewa, lokacin juye yana matsowa, shokozoba tana shan ramuka. Wannan ba ya fitowa a allura. Sai bayan an gama aron da wata biyu kai kaɗai za ka tsaya gaban mai kaya kana ciniki.

Kuma abin da ya fi ci min rai ba kuɗi ba ne, lokaci ne. A ce maka "yanzu zan dawo", ka zauna a ƙofar gida da hula a hannu, abokin ciniki yana jiranka a Kwari, ka kira waya a ce an ɗan biya ta wani wuri. Wanda ya ba ka motarsa ƙafarsa ya cire ya ba ka, shi yana zaune har sai ka dawo masa da ita. Maman Ilham, ban ce kuna yin haka ba. Ina so dai ki san yadda abin yake daga wancan sashen.

Maman Ilham:
Na gode Baban Gida, wallahi na ji wannan. Muna zuba mai, amma ba kullum ba, kuma ba da wani tsari ba. Wani lokacin maigidan ya miƙa wa Yaya kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce "haba, me ya yi zafi". To ka ga an bar mu a tsakiya: shi ya ƙi karɓa, ita kuma tana ganin ba ma bayarwa.

Anti Nas:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi damuna a labarin nan. A gidaje da yawa da zarar mota ta yi ƙaranci, fitar mace ake fara sokewa. Maigida zai ɗauki wadda ta rage ya tafi shi kaɗai, kujeru huɗu ba kowa, a ce wa matar ta hau A Daidaita Sahu da yara uku da jakunkuna. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Lokacin da tamu ta kwanta ina aikin dare, kuma a 2022 ne aka sa dokar hana 'yan A Daidaita aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Acaɓa kuwa tun 2013 aka hana shi a cikin Kano. To mace ta bi ta ina? Sai da na zauna da maigidana na nuna masa cewa shi da rana yake fita, abin hawa ko'ina akwai, ni ce ba ni da zaɓi. Ya fahimta, ya bar min motar ƙanwarsa da aka ara mana.

Maman Ilham, aikinki aiki ne. Ajin yara yana jiranki ƙarfe takwas. Kada a yi tsarin da za a ce ke ce za ki riƙa "neman yadda za ki yi".

Abu Yasir:
Anti, da girmamawa, amma kada a mayar da maganar ta maza da mata. Aikin maigida shi ke ciyar da gidan, shi zai biya giyabos ɗin ma. In ya makara aka sallame shi, kowa ya shiga uku. Dole shi ne gaba.

Anti Nas:
Malam Abu Yasir, ban ce a bar shi ya makara ba. Cewa na yi a duba wa ya fi buƙatar mota, ba wa ya fi girma ba. Namiji shi kaɗai, ba kaya, zai tsaya bakin titi a Rijiyar Zaki ya sami abin hawa, ko ya bi maƙwabcin da ke zuwa wajen Bompai. Mace da yara uku, ƙaraminsu sai an riƙe masa hannu a tsallaka titin Kabuga da safe, kowa ya san yadda wurin yake. Girman maigida ba ya raguwa don ya hau A Daidaita na ɗan lokaci saboda 'ya'yansa su je lafiya.

Abu Yasir:
In don yara ne na yarda. Amma a bar shi ya yanke da kansa, kada a ɗora masa.

Autan Hajiya:
Iyaye da yayye ku yi min afuwa in sa baki. Ni ma auta ne, kuma na tabbata autan gidan su Anti Maman Ilham yana cikin halin da na shiga. Da mota ta lalace a gida, auta ya zama direba. Kai Baba asibiti, ɗauko yara, kai Anti kasuwa, koma ka ɗauko ta, je gareji ka ga ko an fara aiki. Ba wanda ke tambaya ko kana da lacca. Na rasa gwaji guda a makaranta saboda ina layin karɓar magani. Kuma ranar da aka ga ƙarzuwa a jikin bamba, ba a tambayi kowa ba, ni aka kira, alhali mutum huɗu ne suka tuƙa motar a makon. Ba ƙin aike nake ba, albarkar iyaye muke nema. A dai riƙa tambayarmu jadawalinmu kamar yadda ake tambayar na kowa.

Maman Ilham:
Ƙanina, kamar ka leƙo gidanmu. Shi ke kai Baba asibiti yanzu, shi ke ɗauko yara in rana ta yi. Yaron ba ya musu, shi ya sa ba a lura.

Tsohon Direba:
Tunda an zo nan, tambaya: autan naku yana da lasin? Ba wasa nake ba. Yara da yawa sun iya tuƙi a unguwa amma ba su da takarda, kuma doka sai shekara 18 ake ba da lasin. Ranar da 'yan Road Safety ko KAROTA suka tare shi da motar Baba, ko Allah ya kiyaye ya goge wani, a nan za a gane aron ya yi tsada. Ku duba takardun motocin biyu ma. Motar tsoho da ba ta cika fita ba, sau da yawa takardunta sun ƙare ba wanda ya sani. Inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, tun Janairun 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Amma ku sani ba ta gyara motarku, ta wanda kuka buga take gyarawa. Ku yi ta gaske, ba ta bakin titi ba.

Sannan don Allah kada a ce za a koya wa Maman Ilham mai kuloci a 406 ɗin Baba cikin gaggawa. Sabon hannu a cunkoson safe, ƙafa a kan kuloci tun daga Kabuga har Ɗangi, kafin Honda ta fito an ƙone faranti, mota biyu ke nan a gareji. In za ta koya, ta koya a fili ranar hutu, a hankali.

Maman Ilham:
Lasin yana da shi, alhamdu lillahi. Takardun 406 ne zan sa a duba. Koyo kuwa ko an ce in yi ba zan taɓa motar Baba ba. Kullum da asuba bayan ya dawo masallaci shi da kansa yake buɗe gabanta, ya duba ruwan lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya goge da wani tsumma da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera, ya bar ta ta yi ɗumi kafin kowa ya shiga. Dardumarsa da ledar magungunansa suna kujerar baya, ba mai matsar da su. Da ya ce a riƙa ɗauka, na san ba ƙaramin abu ya bayar ba.

Almajirin Malam:
Assalamu alaikum. Tunda maganar ƙarzuwa da ɓarna ta shigo, bari in faɗi ɗan abin da muka karanta, malamai su gyara min. Ba da aro aikin lada ne, Allah ya zargi masu hana shi a Suratul Ma'un. Amma aro yana da hukunci, ba sakaka yake ba. A hadisi an ce abin aro mayar da shi ake yi. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaure, an bambanta: abin da ake iya ɓoyewa, in ya salwanta a hannun mai aro, zai biya. Abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabbar hawa, ba zai biya ba sai in ya ƙetare iyaka. Mota ta fi kama da dabbar hawa. To mene ne ƙetare iyaka? An ba ka don ka je Kabuga ka wuce Wudil. An ba ka kai, ka miƙa wa abokinka. Ka ga allurar zafi ta hau ka ci gaba da tafiya. Ka lafta mata kayan da ba a yi da kai za ka ɗauka ba. A nan biya ya hau kanka.

Abin da nake so Gwaggo ta duba shi ne, faɗin sharaɗi tun farko ba rashin zumunci ba ne. Shari'a ma so take a san ina za a je, yaushe za a dawo. Hukuncin wani lamari na musamman kuwa a kai wa malamin unguwa ya ji daga bakin kowa.

Gwaggon Yara:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni ban ƙi a yi magana ba. Cewa nake a san bakin da za a yi ta da shi. Kuma Maman Ilham, ki ji ni da kyau: kada ki tunkari facalarki, kada ki tura mijinki wajen yayansa. Maza biyun nan kunyar juna za su yi ta ji, wannan ya ce ba komai, wancan ya ce ba komai, a tashi ba a yanke komai ba. Ki sami surukarki ita kaɗai bayan la'asar, ki gaishe ta, ki ce Hajiya muna ɗora wa su Yaya nauyi, ina jin kunya, ki taimaka ki tsara mana. Kada ki kai ƙarar kowa, kada ki maimaita maganar rijiya. Uwa ce kaɗai za ta ce wa babban ɗanta "karɓi kuɗin nan" ya karɓa.

Anti Nas:
A nan kam ina bayan Gwaggo ɗari bisa ɗari.

Ummu Hanif:
Ƙarin shawara: ku nemi ɗan A Daidaita ɗaya na unguwa wanda aka san gidansu, ku yi shata da shi na wata don ɗauko yara da rana. Mu haka muke yi, ana biyansa duk Juma'a. Zai sauke wa auta nauyi, kuma Sienna ta huta fita biyu.

Maman Ilham:
Salamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda wasu suka nema ta akwati. Na bi shawarar Gwaggo. Hajiya ta saurare ni har na gama, ta ce ita ma tana lura, jira take wani ya yi magana. Daren Juma'a ta tara mu duka a falonta, har da auta.

Abin da ya fito ya ba ni mamaki. Ashe ba mai ne ya fi damun facalata ba. Yaya Babba ba ya fita kasuwa da Sienna kullum, sau da yawa wani abokinsa yake bi. Ita ce ke amfani da motar: ita ke kai nata yaran, ita ke kai wa masu shaguna kayan cincin da dubulan da take yi, ita ke kai mahaifiyarta asibiti. Mu kuwa wajen Yaya muke karɓar mukulli, shi ya ce "ku ɗauka", ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana da fita. Ranar da ta yi maganar nan, alkawarin kai kaya ne ya wuce ta, mai shagon ya ba wata. Tana faɗa idonta ya ciko. Mun yafi juna a wurin.

Ga yadda Hajiya ta yanke. Da safe Sienna ta kwashi yaran gidan gaba ɗaya, namu da nasu, tunda makarantun ba su da nisa da juna. Facalata ke tuƙawa, ta ajiye ni inda zan sami A Daidaita ɗaya zuwa makaranta, ranar da take da kai kaya wajen Zoo ta kai ni har ƙofa. Abban Ilham ya ɗauki 406, amma ranar asibiti shi zai kai Baba da kansa, ya riga ya nemi izini a wurin aiki, auta ya je lacca. Da rana mun yi shata da wani yaron maƙwabta mai A Daidaita. Kuɗin mai duk Juma'a mu kai wa Hajiya, ita ta miƙa, kuma juyen Sienna na gaba mu za mu yi. Mukullai biyun suna rataye a ƙusa a ɗakin Hajiya, duk mai fitar da ba ta cikin tsari sai ya faɗa tun dare. Yaya Babba ya so ya ƙi kuɗin, ta ce masa ba shawara take ba shi ba.

Takardun 406 kuma Tsohon Direba ya yi gaskiya, inshorar ta ƙare, an sabunta.

Baban Gida, Hotoro:
Masha Allah. Wannan na tambayar mai amfani da motar ya taɓa ni, don ni ma ina ba da mukulli ban waiwayi uwargida ba. Yau zan yi mata magana.

Abban Sadiq, Kaduna:
Madalla. Ni da za ku ji tawa, ko Honda ta fito kada ku rushe kai yaran a mota ɗaya. Mako ɗaya Sienna, mako ɗaya ku, ko ku ci gaba da haɗa kuɗin mai. Mota biyu daga gida ɗaya zuwa Kabuga a lokaci ɗaya asara ce.

Gwaggon Yara:
Wannan a bar wa matan biyu su yanke a tsakaninsu in lokacin ya zo. Kada a yi musu katsalandan tun yanzu.

Abu Yasir:
Amma har yanzu Maman Ilham tana hawa A Daidaita rabin hanya, maigida yana da mota. Anti Nas ba ta ce komai ba?

Anti Nas:
Na gani. Ita kaɗai ce ba yara, da rana tsaka, kuma ba ta tuƙa mai kuloci. Sannan an zauna da ita aka yanke, ba a bayan idonta ba. In ta ce ya yi mata, ya yi min.

Maman Ilham:
Ya yi min, Anti. Injiniya, giyabos ɗin ya iso jiya, an gwada lambar ta yi daidai, man cikinsa ja ne. Bakaniken ya ce jibi zai gama ɗaurawa.

Injiniya Ƙofar Ruwa:
Alhamdu lillahi. In ya gama, kada ku tsaya a zagayen cikin gareji. Maigida ya sa bakaniken a gefensa su hau titin Gwarzo, su yi tafiya mai ɗan nisa har inji ya yi zafi sosai, don wata giyar da sanyi lafiya lau take, sai ta ɗau zafi take nuna halinta. Ya kula ko tana fizga tsakanin ta biyu da ta uku, ko inji yana ƙara ƙugi mota ba ta ja, ko fitilar D ta giya da ke gaban direba tana ƙiftawa. Ya tsaya ya sa ribas ya ji ko tana jinkirin kamawa. In an dawo a ajiye ta a kan siminti mai tsabta, da safe a leƙa ƙasa ko akwai ɗigon jan mai. In duk wannan lafiya, sai a biya cikon kuɗin. Tsohon giyabos ɗin kuma naku ne, ku karɓo shi ko a rage muku kuɗinsa.

Maman Ilham:
Na tura masa saƙon yadda yake. Asabar za su je in sha Allah, Yaya Babba ya ce zai bi su a baya da Sienna ko da wani abu zai faru a hanya.